Tiya, Kilo da Yadi: Tarihin Awo a Ƙasar Magarya da Dungas

Duk wanda ya taɓa zama gefen ma'auniya ranar kasuwa a Magarya ya san yadda ake cika tiya. Za ta nutsa kwanon cikin tsibin gero, ta ɗago shi, ta dinga ɗiba da hannu tana zubawa a kai har tozo ya tashi, ƙwayoyi suna gangarowa ta kowane gefe. In mai sayen na gida ne, ko ya iya ciniki, sai ta tare gefe guda da tafin hannu kafin ta juye masa a buhu. Shi kuwa idonsa na kan hannunta, bakinsa na ƙirga. Da an kai ta ƙarshe zai ce, "Inna, ina gyara?" Ta ɗebi cikin hannu ta watsa masa, ciniki ya faɗa.

Ba nisa da ita za ka iya ganin ma'aikacin hukumar SIMA, mai bin farashin cimaka a kasuwannin Nijar, yana tambayar kuɗin tiya, yana mayar da shi kilo a takardarsa. Can layin 'yan atamfa kuma yadi ake kira. Telan da ke bayansu da santimita yake gwada kafaɗa. Kasuwa ɗaya, rana ɗaya, awo uku: na kakanni, na Faransa, na Ingila. Wannan cakuɗa tana da tarihi, kuma a 'yan wurare ne ake ganinsa a fili kamar a wannan yanki na kudancin Damagaram, inda gonar wani ke Nijar, surukansa na Daura, kasuwarsa Maigatari.

Kafin zuwan Nasara, jikin mutum shi ne ma'auninsa. Masaƙi da ɗan koli suna auna sawaye da kamu, daga gwiwar hannu zuwa kan ɗan yatsan tsakiya. Abin da bai kai haka ba a auna shi da taƙi. Mai haƙar rijiya da gaba yake faɗin zurfinta, wato tsawon hannu biyu a buɗe, kuma har gobe in ka tambayi dattijo a fadamun Korama ko a tudun Dungas, gaba zai gaya maka. Nisa kuwa da zango ake sanin sa, ko a ce tafiyar hantsi ce, ko ta yini. Gona ba ta da awon faɗi da tsawo. Girmanta shi ne damin da take bayarwa, a ce wane yana da gonar dami ɗari. A ƙasashen Sosebaki, wato Dungas da Waca da Mirya, da kuma Magarya wadda sarautarta ta samo tushe daga gidan Haɓen Daura, da dami da tufafi da wuri ake lissafin abin da ke tafiya fadar Damagaram, musamman a zamanin Sarki Tanimun da ya rasu a 1884. Wuri ma ƙirga shi ake yi, zambar bisa zambar, har a cika keso na dubu ashirin.

Awo ɗaya ne a wancan zamani yake da littafi a bayansa, shi ne na addini. Kalmar mudu kanta daga Larabci ta zo. Malaman Malikiyya sun karantar da cewa mudun Annabi cikin tafi biyu ne na mutum matsakaici, huɗu su ne sa'i, kuma sa'i guda ake fitar wa kowane rai a zakkar fidda kai. Nisabin hatsi wusƙi biyar ne, kowane wusƙi sa'i 60, jimla sa'i 300. Manomi dai ya sauƙaƙa wa kansa lissafi: dami goma, ɗaya na zakka. Akwai kuma sura sukutum a Alƙur'ani, Muɗaffifina, da ta buɗe da narko kan masu tauye mudu. Saboda haka tun asali Bahaushe bai ɗauki awo a matsayin sha'anin kasuwa kaɗai ba, sha'anin lahira ne. A kasuwannin ƙasar Hausa da dama har sarauta aka yi domin sa, ta Korama, wadda ke shugabantar ma'auna, a ƙarƙashin idon sarkin kasuwa.

A daidai shekarun da ake shirin jihadi a Gobir, Faransawa suna can suna nasu juyin. Su ma a da kowane lardi da irin awonsa, masu ƙasa suna karɓa da babban mudu, talakawa suna kuka. Bayan juyin juya halinsu sai suka ce za su ɗauko awo daga jikin duniya maimakon jikin sarki. Dokar 7 ga Afrilu 1795 ta kafa mita, wadda aka ce ita ce kashi ɗaya cikin miliyan goma na nisan da ke tsakanin ƙuryar arewa da layin da ya raba duniya biyu a tsakiya. Masana biyu, Delambre da Méchain, suka shafe shekaru suna gwajin ƙasa daga Dunkerque zuwa Basalona don tabbatar da ita. Daga mita aka ciro lita, daga nauyin ruwa lita guda aka ciro kilo, kome kuma goma-goma yake hawa. Abin da ba a cika faɗa mana a lakwal ba shi ne, talakan Faransa bai karɓe ta da hannu biyu ba. Napoleon ya sassauta a 1812, sai da aka sake doka a 1837 kafin ta zama tilas daga farkon 1840. Shekara arba'in da biyar ke nan a ƙasar da ta haife ta, kuma har yau a kasuwanninsu akwai masu kiran rabin kilo da sunan tsohuwar labarsu. Wanda ya san wannan ba zai yi saurin kiran ma'auniyar Magarya jahila ba.

Ingilishi kuwa suka riƙe nasu, suka daidaita shi da dokar 1824: inci 12 ƙafa guda, ƙafa uku yadi guda, yadi 1,760 mil guda, ga laba, ga galan, ga eka. Da shi suka shiga duk inda suka kafa tuta.

Ƙasar nan tamu ita ce inda awon biyu suka yi karo. Tun iyakar tana kan takarda da harshe biyu aka rubuta ta. Yarjejeniyar 1898 ta zana baka mai nisan mil 100 daga tsakiyar birnin Sakkwato, abin da ya kama kusan kilomita 161 a lissafin Faransa. Faransawa suka ci Damagaram bayan yaƙin Tirmini a 1899, Ingilishi suka shiga Kano a 1903. Da Faransa ta ga layin ya hana ta hanya mai rijiyoyi tsakanin kogin Kwara da Damagaram, sai aka sake zama a 1904 da 1906. Daga nan Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi daji tsakanin 1906 da 1908 suna kafa alamomi, aka rattaba hannu a 1910. Waɗannan turakun ƙarfe, da mutane ke kira tangaraho, su suka raba Yekuwa da 'Yardaji, ƙauyuka biyu maƙwabta da Ba'amurken nan William Miles ya rubuta littafi a kansu a 1994. Dangi ɗaya, harshe ɗaya, amma daga ranar ɗan wannan gida zai koyi kilomita a lakwal, ɗan wancan ya koyi mil a makarantar elemantare.

A shekarun farko ba abin da ya dami talaka da wannan. Kumandan na rubuta kilomita a rahotonsa, mai jaki na tafiyarsa da zango. Gyaɗa ce ta kawo kilo har ƙofar gida.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya ɓarke a kakar 1912. Sannu a hankali noman ya hauro arewa, jigawar Magarya da Matamai ta karɓe shi, ga kuma lanho, wato haraji, da dole a biya shi da kuɗin Nasara. Manomi da ya saba sayar da hatsi da kwano, yana gani yana ƙirgawa, sai ga shi tsaye gaban sikeli. A nan ne, a ganina, aka yi babban canji a tarihin awo na wannan ƙasa, wanda ya fi bambancin kilo da laba nesa ba kusa ba. Kwano kowa na ganin cikarsa. Sikeli kuwa mutum ɗaya ke karanta shi, kuma yaron mai saye ne. Kakana ya sha ba mu labarin wata kaka da ya kai gyaɗarsa ɓararriya kan jakuna biyu. Tun a gida ya auna ta da kwanonsa, ya san abin da ya ɗauko. Mai awo ya ɗora buhu, ya zunguri ƙarfen da ɗan yatsa, ya kira wani adadi da Faransanci, magatakarda ya rubuta, aka ce an zare na buhu, an zare na ƙasa da tsakuwa. Ya ce, "Malam, a sake ɗorawa in gani." Aka ce masa, "Baba, in ka gani me za ka karanta?" Abin da ya tsaya masa a rai har tsufansa shi ne wannan tambaya, domin ba shi da amsarta.

A ƙetaren iyaka ma haka abin yake, sai dai can da laba da tan na Ingila ake lissafi. Tan ɗinsu laba 2,240 ne, wato kusan kilo 1,016, ya ɗara na Faransa da kilo 16. Shekaru da yawa gyaɗar Magarya ta hanyar Kano take fita zuwa teku, don haka buhu guda yakan shiga littafi da kilo a nan, ya sake shiga da laba a can. Direban da ya ɗauko ta ma sai ya sauya hannu a kan iyaka, don Nijar dama ake bi, Najeriya hagu. Ban da wadda ke bin hanyar hukuma, akwai wadda ke bin dare kan jakuna da raƙuma, wata shekara ta yi kudu, wata ta yo arewa, gwargwadon inda farashi ya fi tsoka. Wani mai bincike, John Collins, ya yi nazarin wannan safara a Magarya a shekarun 1970. Masu wannan fatauci ba su yi lakwal ba, amma a ka suke juya dala zuwa sule, kilo zuwa laba, su mayar da duka kwano, su san ko akwai riba.

Bayan samun mulkin kai, gwamnatin Diori Hamani ta kafa SONARA a 1962 don cinikin gyaɗa, da UNCC don ƙungiyoyin manoma. A tsakiyar shekarun 1960 aka gwada wani sabon tsari a Magarya da Matamai wanda ya cancanci a riƙa tunawa da shi. Ƙauyuka suka zaɓi 'ya'yansu aka koya musu riƙon sikeli da rubuta lissafi, aka haɗa da yaƙi da jahilci cikin Hausa, kasuwar gyaɗa ta koma hannun manoma. Dattijai da yawa a wannan yanki lambobin jikin sikeli ne karatunsu na farko na boko. Kilon bai canja ba, nauyinsa na nan yadda yake; abin da ya canja shi ne yanzu ɗan ƙauye ke karanta shi da ƙarfi kowa na ji. Har masana'antar man gyaɗa aka kafa a Magarya. Sai farin 1973 da 1974 ya zo, cutar gyaɗa ta 1975 ta biyo baya, noman ya durƙushe. Sikeli da yawa suka yi tsatsa a mangaza, wake da gero suka maye gurbi, su kuwa da tiya ake cinikinsu.

A daidai wannan lokaci Najeriya ta juyo. Ranar 2 ga Afrilu 1972 motocinta suka koma hannun dama. Ranar 1 ga Janairu 1973 naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule. Dokar awo ta 1974, zamanin Janar Gowon, ta ɗora ƙasar kan mita da kilo da lita. A takarda ke nan an gama, ƙasashen biyu sun zama awo ɗaya.

Sai dai baki da hannu ba sa bin doka da sauri. Wanda ya kai riɗi ko wake kasuwar Dawanau zai ji ana kiran Miltara, unguwar da ta ci sunanta daga mil tara. Magini ɗan Bande ko Guci da ya tafi cin rani Kano zai tarar ana cewa bulo mai inci shida da mai inci tara, alhali a gida na 15 da na 20 ya sani. Na inci shida da na 15 kusan ɗaya ne, amma na inci tara ya kusa santimita 23, ya fi na 20 kauri. Fili a can ƙafa hamsin-hamsin ake yanka shi, a nan murabba'in mita. Gona a can eka, a nan kuwa, tun da dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye, hekta ake rubutawa a takardar shaida, kuma hekta guda ta kusa eka biyu da rabi. Galan ya fi kowa rikiɗa: na Ingila lita 4.5 ne da ɗan ɗori, na Amurka bai kai lita huɗu ba, amma robar da ake kira galan a bakin titin Daura ko Babura lita huɗu ce, sunan kawai ta gada. 'Yan ruwa-ruwa kan sayo man fetur da jarka mai lita 25 su sayar da kwalba. Ita kanta matatar SORAZ da aka buɗe arewa da Damagaram a 2011, da ganga ake faɗin ƙarfinta, ganga 20,000 a rana, kuma gangar nan galan 42 ce ta Amurka, kusan lita 159. Bututun famfo, ƙusa, wilin mota, fuskar talabijin, duk da inci suke zuwa, ko a Yamai ka saye su.

Kuɗi ma haka. Ba wanda ke ƙirga sefa ɗaya-ɗaya a nan. Dala ita ce tamma biyar, jika dala ɗari biyu. A can kuma tsofaffi na ce wa naira ɗari biyu jaka, don ita ce fam ɗari ta da.

Inda aka fi jin jiki shi ne wajen tufafi. Atamfa ko a ƙasashen renon Faransa da yadi ake yanka ta, turmi yadi shida, zane uku, wato kusan mita biyar da rabi. Shadda kuwa a Nijar da mita ake sayar da ita, a Najeriya da yadi. Yadi santimita 91 ne da 'yan kai, mita kuwa santimita ɗari cif. Na ga wani dattijo ya aiki ɗansa Maigatari ranar Alhamis, bayan tela ya ce a kawo masa "biyar". Yaro ya sayo yadi biyar. Da tela ya shimfiɗa ya ja tef sai ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, wannan ba za ta fitar da riga da wando yadda kake so ba, saura kusan taƙi biyu." Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, ba wanda ya yi algus. Mita biyar ta fi yadi biyar da santimita 43, kuma kalmar "biyar" ba ta faɗi ko na wane ne ba. Tef ɗin tela fuska biyu gare shi, inci a gefe guda, santimita a ɗayan, kuma duk telan kirki a kan wannan iyaka ya iya karanta duka biyun.

Akwai wurin da awon Faransa ya shiga ba tare da gardama ba, shi ne asibiti. Tun yunwar 2005 likitocin MSF ke aiki a Magarya kan tamowa da zazzaɓin cizon sauro. Uwayen da ba su taɓa sayen ko gishiri da kilo ba yanzu sun san nauyin 'ya'yansu da kilo. An kuma koya wa da yawa daga cikinsu amfani da ɗan zaren nan mai launi uku da ake naɗawa a damtsen yaro: kore lafiya, rawaya a yi hattara, ja kuwa, wato ƙasa da milimita 115, a garzaya asibiti. Ya karɓu ne saboda dalilin da ya sa tiya ta karɓu. An miƙa wa uwa shi a hannunta, tana ganin amsar da idonta, ba sai wani ya fassara mata ba.

Wannan ne ya sa na daina yarda da masu cewa taurin kai ne ya hana mutanenmu komawa kilo. Hukuma ma ta san gaskiya. Lokacin da hukumar OPVN ke sayar da cimaka da rahusa, buhu mai kilo 100 a kan jika 13, da tiya ake raba shi a ƙauye, arba'in a buhu, kowace dala 65. Lissafin ya ginu ne kan cewa tiyar gero kilo biyu da rabi ce, ko kusa da haka.

Amma ba zan rufe ido kan aibin tiya ba, don mai ƙaramin ƙarfi ne ke biyan kuɗinsa. Ba ta da mai tsaronta. Akwai kwanon saye, akwai kwanon sayarwa. Akwai wanda aka buga wa gindi ya shige ciki, akwai wanda aka buɗa wa baki. Da kaka, lokacin da bashi ya kama manomi, da babban kwano da tozo da tarin hannu ake karɓa a wurinsa. Da bazara, rumbu ya ƙare, ya dawo saye, sai a auna masa da ƙarami a shafe. Buhun da ake kira na kilo ɗari ba kasafai yake hawa sikeli ba, kuma tiyar wannan kasuwa ba lalle ta zo daidai da ta waccan ba. Kilo yana da doka da hatimi da hukumar da ke duba shi a birni, amma awon da kusan kowane gida ke ci da shi an bar shi ga imanin mai riƙe da kwano.

Abin da ya gyara kasuwar gyaɗa a shekarun 1960 zai iya gyara wannan. Shugabannin gundumomin Magarya, Dungas, Waca, Bande, Malawa, Dogo-Dogo da sauransu, tare da sarakuna da sarakunan kasuwa, su zauna su tsayar da tiya guda, a san lita nawa take ci, a buga mata hatimi, a rataye ta zakaran gwaji a rumfar sarkin kasuwa inda kowa zai iya zuwa ya gwada tasa. A ajiye sikeli na jama'a kusa da ita, mai karanta shi kuma 'yan kasuwa da manoma su zaɓe shi tare. Malaman lakwal su ma, in sun gama koyar da mita da kilo, su ƙara darasi guda kan yadi da inci da galan da tiya, domin yaran nan gobe Maigatari da Dawanau za su kai kaya.